Manhajar da Ta Ƙi Sunana

"Umma, mai tallar manhaja na biyu ke nan kika kora, kuma saura kwana goma sha ɗaya," in ji Auta. "Mutum ya taso tun daga wancan gefen gari, ko ruwa ba ki ce a ba shi ba."

"Ruwa ya zo sha ko kaya ya zo sayarwa?"

"Na jiya ma kin ce masa tasa kayan wasan yara ce."

"Ba ita ba ce? A taɓa nan ta yi ƙara, a taɓa can ta fito da fure. Abu ɗaya na tambaye shi, tana aika harajin kamfani? Ya ce min launinta goma sha biyu."

Muna wannan magana ina ninke zanin gado, don ni ban iya zama hannu sake ba. Kamfanin wanki da guga gare ni, Fari Ƙal. Injin wanki shida, na busarwa uku, teburin guga takwas, ma'aikata goma sha huɗu, da mota ɗaya mai ɗauko kaya da mayarwa. Otal biyu muke wanke wa zannuwan gado da tawul, sai wani asibiti, wanda shi kaɗai rabin aikinmu ne. Da baho biyu na fara a tsakar gida, bilic, sinadarin nan na fitar da tabo, ya cinye min fatar hannu har yau ba ta koma daidai ba. Alhamdulillahi.

Auta ita ce ƙarama cikin 'ya'yana uku, dukkansu mata. Yayyenta suna gidajensu, ita kuma da ta gama karatu ta zo ta riƙe min ofis. Ofis ɗin ɗaki ne ɗan ƙarami a bayan ɗakin guga, tebur ɗaya, kujera biyu, fanka, da takardar rajistar kamfani a bango cikin gilashi.

Abin da ya jawo maganar manhaja, wato abin nan da ake sa wa kwamfuta ta riƙa yin lissafi, shi ne Akanta. Shekara ashirin da huɗu tsohon nan ke haɗa mana takardun haraji. Ƙarshen shekara in zuba masa rasidai a jaka, ya tafi, ya dawo min da takarda mai hatimi, in biya shi, shi ke nan. Bana yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai ya kai takarda hanci. A lokacin ne kuma ofishin haraji suka ce sun daina karɓar takarda a hannu, ta kwamfuta za a riƙa aikawa. Asibiti su ma suka aiko, in ba mu kawo shaidar biyan haraji kafin ƙarshen wata ba, za su ba wasu wankin.

Na biyun da Auta ke min ƙorafi a kansa, Mai Rangwame na sa masa, don kafin ya gama sallama ya rage kuɗi sau biyu. Tasa tana lissafi, tana buga takarda, amma ba ta aikawa. Sai ka ɗauki takardar ka kai wa wani wakili, ka biya shi, shi ya shigar maka.

Na ce da Auta, "In sayi jaki kuma in ɗora kayan a kaina? Me ya yi zafi?"

"To na uku zai zo gobe. Don Allah ki bar shi ya zauna tukuna."

"Zai zauna. Amma ki gaya masa ba na cinikin biri a sama. Da takarduna zai gwada, a gabana."

Washegari ya zo da hantsi, cikin kwat. A ɗakin guga, inda ko bango gumi yake yi. Na ce ya cire, ya ce babu komai, Hajiya. Na ce to, jikinka ne.

Ni aji uku na yi a boko aka cire ni. Lambobi na sani sarai, sunana na sani, sunan kamfanina na sani, sauran sai a karanta min. Amma tambaya ba ta buƙatar aji.

"Tana raba min kayan asibiti daban, na otal daban?"

"Tana yi."

"Albashin mutum goma sha huɗu, da wanda ya ci bashi a tsakiyar wata?"

"Tana yi. Har ma wanda ya yi jinkirin biyanki, da kanta za ta ɗora masa kuɗin ruwa."

"Kashe wannan."

"Ai amfaninki ne, Hajiya."

"Yaro, ƙazantar mutane nake wankewa, ba zan ɗebo wata in zuba a kuɗina ba. Ana kashewa ko ba a kashewa?"

Ya danna wani wuri ya ce an kashe. Na sa Auta ta leƙa, ta ce an kashe.

"In ta lalace wa zan kira?"

"Akwai lambar ofishinmu."

"Wadda mace ke cewa danna ɗaya, danna biyu? Taka nake so. Da ta matarka, in kana da ita."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya rubuta tasa.

"Saura babbar. Tana aika harajin kamfani? Kamfani na ce, ba na mutum ɗaya mai shago ba. Daga kan teburin nan har ofishin haraji, ba wakili, ba ɗan aike."

Nan fa ya gyara zama, an zo wurin da yake da abin faɗa. Ya ce tasu a haɗe take da ofishin haraji da na rajista. Lambar kamfani kawai za a sa, ita da kanta za ta jawo sunan kamfani da na masu shi, ta cike fam, a aika. Na ce gani ya kori ji. Auta ta sauko da gilashin bango ta karanta masa lambar.

Ya sa. Abin ya ɗan yi juyi, sai ga Fari Ƙal ya fito da manyan baƙaƙe. Wannan na gane, har na ji daɗi. A ƙasa akwai layi biyu. Na duba na farko, na duba na biyu, ban ga abin da ya yi kama da sunana ba. Na kalli Auta, ta sa hannu ta rufe baki.

Mai Kwat ya goge gumi ya ce, "To yanzu sai a kira mai kamfanin. Wayarsa za a tura wa lambar sirri in za a aika."

"Ga wayata."

"A'a, ta mai kamfanin."

"Wa kake gani a gabanka?"

Ya kalli kwamfuta, ya kalli Auta, ya ga ba mai cetonsa. Sai ya karanto sunan maigidana, har da na mahaifinsa. Darakta, kaso casa'in.

Na ce, "Goman fa?" Don na ɗauka ko a nan aka jefa ni.

Ya karanto wani suna da ban taɓa ji ba.

"Wane ne wannan kuma?"

Auta ta ce a hankali, "Umma, Mai Aski ne. Abokin Baba."

Wallahi ban san yana da suna ba. Shekara talatin Mai Aski nake ji.

Na ce da Mai Kwat ya goge, ya rubuta nawa. Ya ce ba ta yarda, abin da ke ofishin rajista shi take nunawa. In ina so zai iya buɗe min wuri a ciki a matsayin ma'aikaciya, in riƙa shigar da rasidai.

"Ma'aikaciya."

"Ko manaja," in ji shi da sauri. "Akwai manaja."

"Allah ya saka da alheri, an ƙara min girma. Tashi ka je ka sha iska kafin ka narke min a kujera. Zan neme ka."

Bayan ya fita na zauna, abin da ban saba ba. Sai ranar ta dawo min tas. Cikin Auta wata tara, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura. Otal na farko suka ce ba za su ba ni kwangila ba sai da rajistar kamfani. Na ƙirga kuɗi, kuɗin wankina, na ƙulle a hankici na ba maigida na ce, je ka yi wa wankin nan rajista. Ya dawo da yamma da takarda mai kyau, na ga Fari Ƙal a jiki, na sa aka yi mata gilashi. Ashe sunayen suna wata takarda dabam da ban taɓa gani ba.

Shi maigida a lokacin direba ne a wani kamfanin sufuri. Kamfanin ya rufe shekara goma sha takwas da suka wuce, tun daga nan aikinsa ɗaya, ya yi wanka, ya sa kaya masu sitati da na goge, ya tafi shagon Mai Aski ya zauna a benci. Ba ya sha, ba ya caca, ba ya barin jam'i, wannan na shaide shi. Abokansa Darakta suke ce masa. Ni duk shekarun nan na ɗauka tsiya suke masa, har tausayinsa nake ji. In na ji an ce ina Darakta, sai in ce a raina, Allah sarki, mutane ba su da ta ido. Ashe ni ake wa kallon tausayi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar suna.

Ban jira azahar ba na tafi gidan Akanta. Na same shi a barandarsa, rediyo a kunne.

"Baba Akanta, sunan wa ke jikin kamfanina?"

Ya rage rediyo. "Na maigida mana."

"Ka sani?"

"Na ɗauka kin sani."

"Shekara ashirin da huɗu kana karɓar kuɗi a hannuna, ba ka taɓa cewa ga wanda ke sa hannu ba?"

"Ba ki tambaya ba, Hajiya. Ke dai kina cewa a kawo mai hatimi. Ni kuma in na gama sai in biya ta shagon aski, su biyun suna wuri ɗaya, su sa hannu, a yi min gyaran fuska kyauta, in wuce. Ai sauƙi ne."

"Sauƙi ne ƙwarai. Ashe idon naka ba bana ya rufe ba."

Bai ji haushi ba, tsofaffin akantoci ba sa jin haushi. Ya ce ai abin miji na mata ne, gida ɗaya ne, tukunya ɗaya. Na ce haka ne, muddin kowa na numfashi. Sai na tambaye shi abin da ya kawo ni, in yau ta Allah ta kasance a kan maigida, injunan nan na wa? Ya murza rediyo, ya ce a takarda dai dukiyarsa ce, gado za a raba.

Wannan lissafin ba sai da manhaja ba, a islamiyya na koya. Ba mu da ɗa namiji. 'Yan matana su ɗauki biyu cikin uku, ni a ba ni tumuni, ɗaya cikin takwas, ragowar ta tafi wurin ƙannensa maza. Mutum biyu da ko hankici ba su taɓa wankewa ba, ɗayan ma har yau kyauta nake goge masa kaya. Kafin a kai nan kuma an cire wa Mai Aski gomansa. Ni ba na ja da rabon Allah, astagfirullah. Amma abin mamaci ake rabawa, ba abin mai rai da ke tsaye a kan ƙafarta tun asuba ba.

Da na koma, Auta ta riga ta yi nata tunanin. Ta rufe ƙofar ofis.

"Umma, ki saurare ni kafin ki yi faɗa. Mu sayi ta Mai Rangwame."

"Jakin?"

"Ita ba ta tambayar kowa. Duk sunan da aka rubuta mata a sama shi za ta nuna. In sa naki da manyan baƙaƙe, kullum kika buɗe ki gan shi. In ta buga takardar, Baba ya sa hannu kamar yadda aka saba, a kai wa wakili, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Ga ta da araha. Bayan an gama da asibiti sai a bi maganar a hankali."

"A hankali nawa? Wata shekara ashirin da huɗun?"

"Baba ba mugu ba ne."

"Na ce mugu ne? Ko rago in ya kwanta a kan zaninka, sai ka ɗaga shi kafin ka ɗauka."

"Kin san halinsa, zai ji kunya."

"Ni da aka ce min manaja a gaban 'yata, a ofis ɗina, ruwan sanyi na sha? Ki ji nan. Kuɗi zan biya duk wata don a riƙa yi min ƙarya da safe? Masu yi min ita kyauta ma sun ishe ni. Kira Mai Kwat. Waccan da ta ci min fuska ita nake so. A duk ginin nan ita kaɗai ta gaya min gaskiya."

Ya dawo da la'asar, wannan karon ba kwat. Na biya kuɗin shekara, bayan na sa ya rage, don gaskiyarta ba ta hana a yi ciniki ba. Kwana huɗu Auta na shigar da rasidai, ni ina miƙo mata ina gaya mata na mene ne, wannan na sabulu, wannan na gyaran injin na uku, wannan man mota. Duk safiya in an kunna kwamfuta sai ta yi wa maigida barka da zuwa da cikakken sunansa. Mutumin da rabonsa da ginin nan tun ranar da aka kawo injin na biyu, ya zo ya sa albarka ya tafi. Auta ta ce za ta riƙa juya min fuskar kwamfutar. Na ce bar ta, ina so in riƙa gani.

Akwai lauya a saman benen da ke kusa da mu, mu ke goge masa riguna. Na hau na same shi. Ya ce abu ne mai sauƙi, takarda ɗaya ce, su biyun su sa hannu sun mayar min da kasonsu, a kai ofishin rajista. Amma da yardarsu. In sun ƙi, sai kotu, sai shaidu, sai shekaru. Ya kuma gaya min abin da ban sani ba, darakta dabam, mai kaso dabam. Mutum zai iya zama darakta ba shi da ko zare a kamfani. Na ce rubuta, na riƙe wannan.

A gida na fara, don ban taso na ga ana tone miji a waje ba. Da safe bayan maigida ya karya na ce, "Malam, akwai maganar rajistar kamfani." Ya ce za mu yi magana, ya ɗauki hula. Washegari na sake, ya ce ai ya ce za mu yi magana. Rana ta uku tun kafin in buɗe baki ya tuna ana jiransa. Wa ke jiransa? Benci.

Saura kwana uku wa'adin asibiti, lissafi ya kammala, fam ya cika, lambar sirri kawai ake jira. Na yi azahar, na sa mayafi, na sa takardar lauya a jaka na tafi shagon aski. Tunda hannu biyu nake nema, kuma Akanta ya ce wuri ɗaya suke, ni ma in ga wannan sauƙin.

Na tsaya a waje har wanda ake wa aski ya biya ya fita. Shagon kujera ɗaya ce mai juyawa, madubi mai tsaga a gefe, gashi a ƙasa, da bencin. Maigida na kai, ƙafa ɗaya kan ɗaya, karin wandonsa kamar wuƙa. Aikina ne, na san shi.

Na yi sallama. Mai Aski ya amsa da murna. "A'a, uwargida da kanta? Darakta, yau ofis ya biyo ka."

"Ofis ya biyo ku dai," na ce. "Sannu, mai kaso goma."

Ya kalli bayansa ko da wani nake.

Maigida ya sauke ƙafa. "Me ya kawo ki nan? Ba na ce za mu yi magana ba?"

"Ka ce. Fito da wayarka tukuna, za a turo lamba."

Na kira Auta na ce ta danna. Wayarsa ta yi ƙara. Ya nisanta ta da ido ya karanto lamba shida, ina maimaita wa Auta. Ta ce ya tafi, Umma, sun karɓa. Na ce alhamdulillahi, buga shaidar ki kai asibiti yanzu, kar ki jira gobe.

Maigida ya mayar da waya aljihu, fuskarsa ta saki. "To kin gani? Abin minti ɗaya. Duk shekara ki turo, in karanta miki. Ni ban taɓa hana ki komai ba."

"Ba ka taɓa ba."

Na zauna a ƙarshen bencin na fito da takardar. Na yi musu bayani yadda lauya ya yi min, ban ƙara ba, ban rage ba.

Mai Aski ya ajiye almakashi. "Tsaya. Kina nufin ina da kaso a injunan nan? Ni na ɗauka shaida nake sa wa hannu. Ranar nan rako shi kawai na yi, aka ce fam ɗin mutum biyu yake so, ya ce kawo katinka."

"Ni ina gida ai, da katina," na ce.

"Kina fama da kanki," in ji maigida. "In dawo in ɗauko ki da wannan cikin? Layi ya kusa zuwa kaina. Na ce daga baya a gyara."

"Cikin nan yau ita ta aika harajin."

Mai Aski dai lissafi yake da yatsu. "Goma cikin ɗari. Injin nawa ne yanzu?"

"Tara. Ka ɗauki ƙofar ɗaya da wayar wuta. Kafin nan ka biyo ni gobe da asuba, akwai zannuwan ɗakin haihuwa, goma cikin ɗari naka ne."

"A'a, a'a, wasa nake. Haram ba ta yi min kiba." Ya goge hannu a riga. "Ni in Darakta ya sa, na sa. Bayansa nake, yadda na shiga haka zan fita."

Shi ke nan, ido ya koma kan maigida. Ya karɓi takardar, ya juya bayanta, ba komai a bayan, ya sake juyowa.

"Wa ya kai ki wurin lauya? Sai ka ce na yi miki sata. Shekara ashirin da huɗu, na taɓa ɗaukar sisi a kamfanin nan?"

"Ba ka taɓa ba. Ƙannenka ne za su ɗauka."

"Kashe ni kike yi tun ina zaune?"

"Ni ma ba a ba ni takardar cewa zan kai gobe ba. Shi ya sa nake so a gyara muna ganin juna."

Sai ya ce, ba da ƙarfi ba, yana kallon gashin da ke ƙasa, "Ke kina da injuna. Kina da ma'aikata, kina shiga ana miƙewa. Yara in suna son abu wurinki suke zuwa. Ni wannan layin ɗaya gare ni a duniya, shi ma kin biyo shi."

Mai Aski ya ɗauki tsintsiya ya kama share wurin da ya riga ya share.

Ba zan ce maganar ba ta taɓa ni ba. Shekara talatin da biyar muna tare, ranar da injin farko ya kama da wuta shi ya kashe da hannunsa, tabon na nan. Amma tausayi bai taɓa hana a raba gado ba.

Na ce, "Malam, layin naka ban zo ɗauka ba. Na tambaya, an ce darakta dabam, mai kaso dabam. Ka zauna a daraktanka har ranar da Allah ya yi. Lambar ma wayarka za ta ci gaba da zuwa, ka riƙa karanto min duk shekara, a gaban abokanka in kana so. Wanda ya kira ka Darakta bai yi ƙarya ba. Injunan kawai nake so su koma sunan wadda ta saye su."

"Mutane za su ji."

"Mutum ɗaya ne a nan, kuma shi ma ciki yake."

"Ni kurma ne," in ji Mai Aski, bai ɗago ba.

Wani ya leƙo da yaronsa za a yi masa aski. Mai Aski ya ce ya ɗan zaga ya dawo, ana taron kamfani. Maigida bai yi dariya ba. Ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa, ya sa tafin hannu ya danne, kamar iska za ta ɗauke.

Na buɗe jaka na ciro biro, na cire murfin, na gwada a bayan hannuna na ga yana rubutu. Na miƙa masa.

"Ga wurin nan, inda lauya ya yi alama. Don girman Allah, Malam, sa min hannu."